Jan Zare a Gindin Bangon Enid

Ran Laraba, sha takwas ga watan Yuni, da misalin ƙarfe goma na safe, 'yarki Lorna ta buga mini waya daga asibiti ta ce, "Kawu Roland, Mama ta tafi." A lokacin ina tsaye cikin lambunki, Enid, da butar ban-ruwa a hannuna. Wanda Ya ba mu ke Ya karɓi abinSa, kuma wurinSa dukanmu muka dosa. Kin bar duniya kina da shekara tamanin da bakwai. Arba'in da huɗu daga cikinsu shingen katako ɗaya ne ya raba gidanki da nawa a nan Helmthorpe, kuma ban taɓa zaton zan leƙa ta samansa in rasa wanda zai ce mini na yi ba daidai ba.

An roƙe ni in rubuta wani abu don mujallar coci, na ce ni direban bas ne mai ritaya, ba marubuci ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙoshi tun ranar jana'izarki, kuma ke ce mai ita. Saboda haka zan faɗa miki a gaban kowa, yadda kika saba faɗa mini tawa a gaban kowa.

Fiye da shekara ashirin ina kiranki Misis Garforth, kina kirana Direba. Abin da ya kawo ƙarshen wannan shi ne shebur. Matata Glenys ta dasa kilematis a jikin bangon kicin ɗinmu, furen nan mai hawa da kowane gida a layinmu yake da shi, shekara biyu kafin ciwo ya ɗauke ta. Shekarar da ta biyo bayan rasuwarta sai ya cika da toho kamar zai fashe, na riƙa ƙirga kwanakin da zai buɗe. Wata safiya na fito na tarar da shi a sanƙame, ganyen ya yi laƙwas, kwana biyu bayan nan ya koma baƙi tun daga sama har ƙasa. Na ɗauko shebur. Ba na son in ƙara ganin wani abu na Glenys yana mutuwa a gabana.

Na ɗaga ƙafa ke nan zan taka sai na ji muryarki ta saman shinge: "Direba, ajiye wannan abin kafin in zagayo in ajiye maka."

Na ce, "Ya mutu, Misis Garforth."

Kika ce, "Wa ya gaya maka? Likita ne kai? Ina tsaye a kan Glenys ranar da ta dasa shi. Sai da na sa ta ƙara zurfin ramin sau biyu, tana ta gunaguni. Akwai idanun toho guda huɗu a ƙarƙashin ƙasar nan da ciwon bai kai gare su ba. Kai kana ganin abin da ke sama ne kawai."

Kika zagayo da almakashinki, kika datse karan duka daidai da ƙasa, kika sa ni na ƙona su a tsohuwar ganga, don kin ce in na zuba a ramin taki na yi wa ciwon gida. Sannan kika kafa ɗan sanda a wurin, kika ciro jan zaren ulu daga aljihun rigar sanyinki kika ɗaure masa, kika rubuta kwanan wata a jiki. Kika ce ba a tona kilematis sai watan Afrilu ya wuce sau biyu. Wata goma sha huɗu na yi ina zuba ruwa a kan ƙasa tsurarta, maƙwabta suna kallona ta taga suna girgiza kai. Ranar da jan tsiro biyu suka ɓullo, na ƙwala miki kira da sunanki na gaskiya ban ma sani ba. Kika leƙo kika duba, kika ce, "To, Roland, yanzu sai ka kori dodon koɗi," kika koma ciki kika ɗora ruwan shayi.

Ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ya zagaya Helmthorpe da idonsa a ƙasa zai ga wannan jan zare, a bayan gidan likita, a gefen makaranta, a lambunan da ke bakin layin dogo. Mutane sun san cewa in kilematis ɗinsu ya yi yaushi, sai su aika a kira Enid, ta zo a kan kekenta, da almakashi da kwalbar sifirit a kwandon gaba. Kafin ki taɓa shukar wani sai kin goge bakin almakashin, haka bayan kin gama. Ba ki taɓa karɓar komai ba sai kofin shayi, shi ma sai kin kushe shi tukuna.

Abin da ya fi ba ki haushi shi ne jin an ce shuka ta mutu haka kawai. Kin ce kilematis da ya kafu shekara goma ba ya faɗuwa ba dalili, kuma sau tara cikin goma dalilin yana gindinsa, a tsawon tafin hannu daga ƙasa. Karansa siriri ne kamar tsinke, kuma duk girman da yake yi a bango ta nan yake shan ruwa. Wani ya shafe shi da fartanya yana cire ciyawa. Wani bai ɗaure shi ba, iska ta lanƙwasa shi ya tsage. Wani dodon koɗi ne ya gwaigwaye masa ɓawo. Da zarar an yi rauni, ciwon yaushi ya sami ƙofa, ya toshe hanyar ruwan, sai a wayi gari a ce annoba ce. Sauran kuma ƙishirwa ce, don gindin bango ba ya samun ruwan sama ko da ana tafkawa, ko kuwa akasin haka, ruwan hunturu ya kwanta a kan saiwa har ta ruɓe. Ba ki koyi wannan a littafi ba. Kin koya ne a durƙushe, shi ya sa gwiwoyinki suka riga ki tsufa.

Har yanzu ana ba da labarin ranar da kika tare mutumin da aka ɗauka ya yanke ciyawar harabar coci da injin nan mai zare. Ya matso kusa da kilematis ɗin ƙofar kudu, kika sha gabansa da sandarki kika ce in ya ƙara taku ɗaya, to ya fara da ƙafarki. Bawan Allah ya kashe injin ya ce shi dai aikinsa yake yi. Kika ce ke ma naki kike yi. Washegari kika kewaye gindin da ragar waya, kuma tana nan har yau.

Akwai abu ɗaya da kika yi ta faɗa da garin nan a kansa ba ki ci nasara ba, shi ne dutsen rufi. Kowa a nan ya tashi da sanin cewa kilematis yana son rana a kansa, sanyi a saiwarsa, don haka kowa sai ya kwaso guntayen dutsen da ya zubo daga rufin gida ya jera a gindi. Kakanninmu sun yi, iyayenmu sun yi. Ke kuwa kin ce wannan masauki ne ake gina wa dodon koɗi, da rana su kwana a ƙarƙashi cikin laima, in sun tashi abincinsu yana bakin ƙofa. Kin ce a zuba ruɓaɓɓen taki, a bar ɗan tazara kada ya taɓa karan, ko a dasa gajeriyar shuka a gaba ta yi inuwa. Na ji ki kin faɗi wannan ya fi sau ɗari. Ina so a riƙe wannan, don kada wani ya ce ban sani ba.

Sai kuma Mai Taurin Kai. Haka kike kiran wanda ke jikin bangonki na yamma, wanda tagar kicin ɗinki ke kallo. Shekara goma sha tara da suka wuce kika shuka irin da kika tsinta da hannunki, ya yi shekara biyu bai tsiro ba, ya ƙara uku bai yi fure ba. Da ya tashi yi, sai ya fito da wani launi da babu wanda ya taɓa gani a nan, ja mai duhu kamar ruwan zoɓo, da farin layi a tsakiyar kowane kunne, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Wani mai gonar furanni ya taso tun daga kudu ya ce ki raɗa masa suna a rubuta. Kika ce ba kya raɗa wa abin da ba shi da na biyu suna, sai ranar da kika samo masa ɗan'uwa. Kin yanki reshe kin dasa, ya ƙi. Kin kwantar da kara cikin ƙasa ya yi saiwa, ya ƙi. Kowace shekara kina gwadawa, kowace shekara yana ƙi, kina zaginsa kina ƙara masa taki. A duniya duka shi kaɗai ne.

Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukarki, a ƙarshen Mayu, ba ki ba ni amanar kyanwarki ba, ba ki ba ni ta gidan ba. Kika miƙo mini makullin ƙofar lambu kika ce, "Buta biyu, kwana bibbiyu, a ƙasa ba a ganye ba. Kada ka yi mini dabara, Roland."

Na yi miki dabara. Zafin nan na farkon Yuni ya sauko, wanda ya ƙone ciyawar filin ƙwallo. Gajeriyar shukar da ke yi wa gindin inuwa ta bushe ƙarau cikin kwana uku. Na taɓa ƙasar da rana tsaka na ji ta kamar murfin tukunya, tsoro ya kama ni. Toho ya fi ɗari a jikin bangon, ina so ki dawo ki tarar da su a buɗe. Sai na shiga rumfata na kwaso dutsen rufi guda shida na jera. Na ce wa kaina na kwana biyu ne kawai, sai zafin ya wuce. Zafin bai wuce ba, ni kuma ina ta zuba ruwa ta tsakaninsu, ina jiƙa musu masauki.

Da na zo duba ki, numfashi yana yi miki wuya, amma kika ce, "Yaya Mai Taurin Kai?" Na ce lafiya lau, toho kamar ya yi magana. Kika ƙura mini ido kika ce, "Gindin fa?" Na ce gindin ma lafiya. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na yi da ke, kuma ƙarya ce. Ban ɗaga dutsen na duba ba, don ina tsoron abin da za ki ce in kin ji akwai dutsen ma.

Ana gobe jana'izarki Mai Taurin Kai ya faɗi. Da safe ganyen ya yi laƙwas, kafin yamma toho duk sun sunkuya. Da aka dawo daga maƙabarta aka taru a gidanki ana shan shayi da kek, mutane suka yi ta tsayawa a tagar kicin suna kallonsa. Beryl ta ƙungiyar mawaƙan coci ta share ido ta ce, "Allah Sarki, ya bi uwar ɗakinsa." Kowa ya amsa. Lorna ta fashe da kuka. Ni kuwa ina tsaye da kofi a hannu na yi gum, alhali na san da kina nan sai kin ce wa Beryl ta bar shirme ta je ta duba gindi.

Da kowa ya watse na je na duba. Na ɗaga dutsen farko na ƙirga dodon koɗi goma sha ɗaya, masu gida da marasa gida. Ban ƙirga na sauran ba. Kara huɗu ne ke fitowa daga ƙasa, duka huɗun an gwaigwaye su har fari ya fito, kuma sama da raunin baƙin ciwon ya riga ya hau. Na durƙusa a wurin na ji kunyar da ban taɓa ji ba a shekara saba'in da shida. Sannan na tashi na ɗauko almakashinki daga kwandon keke, na goge da sifirit, na datse duka daidai da ƙasa, na ƙona a ganga. Dutsen kuwa na kwashe na watsa bayan rumfa.

Kwana uku bayan nan, ina gyaran shinge, na ji ƙarar ƙarfe a kan dutse. Na leƙa sai ga Lorna da sheburki a gindin bangon. Ta yanke shawarar dawowa gidan da zama, kuma tana so ta tone wurin ta shimfiɗa dutse ta ajiye benci. Ban san lokacin da muryata ta fita ba: "Lorna, ajiye wannan abin."

Ta ce, "Kawu, don Allah ka bar ni. Duk safiya in na tsaya wanke kofi, bangon nan nake gani tsirara. Ya tafi tare da ita, shi ke nan. Bari in rufe wurin in huta."

Na zagayo na gaya mata komai, dutsen, da dodon koɗin, da abin da na ce miki a asibiti. Ban rage ba. Ta daɗe tana kallona, kuma idon naki ne sak.

Ta ce, "Wato kana tsaye Beryl tana ta surutu, ina ta kuka, ka bar ni na yarda?"

Na ce, "Na bar ki."

"Kuma Mama ta tambaye ka, ka ce lafiya."

"Na ce lafiya."

"Kai da ka fi kowa jin faɗanta a kan dutsen nan? Ko ni da ba na bambance fure da kabeji na san ba a sawa!"

Na ce duk abin da ta faɗa na cancanta, har da wanda ba ta faɗa ba. Amma na ce mata laifina ne ya kashe abin da ke sama, kada fushinta ya kashe abin da ke ƙasa. Na ce ke kika dasa shi da hannunki, kuma ba ki taɓa dasa kilematis a sama-sama ba. In shebur ya shiga wurin nan sau ɗaya, babu gonar da za a je a sayo wani. Na roƙe ta Afrilu biyu.

Ta ce, "Shekara biyu ina kallon ƙasa? In bai fito ba fa?"

Na ce, "In bai fito ba, ni zan haɗa miki bencin da hannuna. Amma juya ki dubi bangona."

Ta juya. Na Glenys yana can ya lulluɓe bangon kicin har saman taga, shuɗi fal, shekara ashirin bayan ranar da na ɗaga masa shebur. Lorna ta san labarin, don tana gida hutu lokacin da tsiron ya ɓullo. Ta jingina shebur da bango, ta shiga ciki ta rufe ƙofa da ƙarfi. Na koma gida ban san ko na samu ko na rasa ba, kuma ban ga laifinta ba ko ta wace hanya ta bi.

Washegari da na zo da buta, na tarar da sanda a kafe a wurin. An ɗaure masa jan zare, kuma na gane shi, daga safar da kika fara saƙawa a asibiti ba ki gama ba aka warware shi, har yanzu da lanƙwasar allura a jikinsa. Kwanan watan da rubutun Lorna ne. Ta buɗe taga ta ce, "Kawu, ruwan ni zan riƙa zubawa. Kai ka tsaya ka nuna mini. Kuma in na ƙara ganin dutse ɗaya a lambun nan, a kanka zan fasa shi."

Na ce mata ta samu.

To, Enid, ga inda muke. Na zuba ruɓaɓɓen taki, na bar tazara. Na kewaye wurin da raga saboda kyanwa. Kowace safiya ina zagayawa ina tsince dodon koɗi da hannu, Lorna tana bina da buta tana yi mini gyara a kan abin da ni na koya mata jiya. Ban san ko zai fito ba. Ke ma ba ki taɓa yi wa kowa alkawari ba, abin da kika ce kawai kada a tona. In ya fito, reshen farko da ya yi ƙwari zan kwantar cikin ƙasa, in ya ƙi in sake, har sai na samo masa ɗan'uwan da kika rasa, sannan Lorna ta raɗa masa sunan da duk garin nan ya riga ya sani. Kwandon kekenki yana wurina da iznin Lorna, har da almakashin da kwalbar. Duk mai kilematis da ya yi yaushi a Helmthorpe ya aiko a kira ni. Ba ni da iliminki, amma na san abu biyu da ba a kai wa gindin kilematis, shebur da dutsen rufi, kuma duka biyun na taɓa ɗaukarsu da hannuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lorna da mijinta Fergus, da jikokinki Isla da Hamish, da ƙanwarki Doreen da ciwon ƙafa ya hana ta zuwa jana'iza. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya sanyaya zukatanku. Ke kuma Enid, Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki kura-kuranki, Ya haɗa ki da mijinki Wilf a wurin hutawa, Ya saka miki da alherin kowace durƙusawa da kika yi a lambun da ba naki ba. Ƙaryar da na yi miki, ba ni da inda zan same ki in nemi gafara, sai dai in biya ta a gindin bangonki.

Yau kwana ashirin da uku da ɗaura zaren. Babu komai a saman ƙasa tukuna. Mun zuba buta biyu da safe, kuma shebur yana kulle a rumfata.

Roland Pickersgill
Helmthorpe